Wai Ɗan Hazon Nan Ne Zai Hana Jirgi Tashi?

Akwai wata ƙungiya a ƙasar nan da ba ta da rajista, ba ta da shugaba, amma ba ta taɓa fasa taro ba. Zaurenta ɗakin jiran fasinja a filin jirgin sama, lokacin zamanta kuwa da zarar an sanar cewa an ɗage tashi saboda yanayi. Nan take kowa ya zama masanin sararin samaniya. Alhaji ya leƙa ta taga ya ce, "Wane irin yanayi? Ga rana nan tar!" Hajiya ta ce ƙarya suke yi, mai ne ba su saya ba. Wani tsohon direba ya ce shi ya tsufa yana keta hazo tsakanin Kano da Maiduguri, bai taɓa tsayawa jiran gari ya washe ba. To, 'yan ƙungiya, yau da ku nake. A gyara zama, tunda dai jirgin bai tashi ba.

Kanawa, muryarku ce ta fi tashi a wannan taro, kuma kuna da hujja: a garinku jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925. Sai dai da aka tashi kafa makarantar koyon tuƙinsa a 1964, mu Zage-zagi aka kawo wa ita Zariya. Ku an bar muku kallo, mu an ba mu karatu. Saboda haka ku yi haƙuri ku saurara, ko ba don halina ba.

Alhaji, ranka ya daɗe, da kai zan fara, kai da ka ce rana ta fito. Ranar da ka gani ta garin da kake ce. Matuƙi kuwa sai ya karanta yanayin wuri huɗu kafin ya taɓa makunni: inda zai tashi, hanyar da zai bi, inda zai sauka, da filin da zai karkata idan wancan ya ƙi karɓarsa. Ma'aikatan hasashen yanayi, irin na hukumar NiMet a Najeriya da na ASECNA a Yamai da Njamena, suna fitar da rahoto kowane rabin awa ko kowace awa: daga ina iska ke busowa, da wane ƙarfi, nisan da ido ke iya hangowa, tsayin gajimare, zafi, danshi da nauyin iska. Kai taga ɗaya ka leƙa, amma har ka yanke hukunci.

Mu ɗauki iska. Kana zaton jirgi ya fi son iska ta turo shi ta baya? A lokacin tashi da sauka, iskar da ke bugun goshinsa yake nema. Abin da ke ɗaga jirgi shi ne gudun iskar da ke ratsa fukafukansa. Idan yana buƙatar gudun kilomita 270 a awa kafin ya bar ƙasa, kuma iska na tahowa ta gabansa da gudun kilomita 30, to da ya kai 240 a kan titi zai ɗaga. Idan kuwa ta baya take zuwa, sai ya kai 300, titi kuma ba ya ƙaruwa don an roƙe shi. Shi ya sa babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano yake ɗauke da lamba 06 a wannan kai, 24 a wancan: ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, titin kuma ya dace da duka biyun. Ba Bature ne ya ga dama kawai ya ja layi ba. Iskar da ke ba matuƙi aiki ita ce mai bugowa ta gefe, don kowane jirgi yana da iyakar ƙarfin da zai iya jurewa, an rubuta masa a littafinsa.

Akwai kuma zafi. Iskar bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ba ta da kauri, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Dole jirgi ya ƙara gudu a ƙasa ko ya rage kaya. Hajiya, wata rana idan aka ce buhunanki sai jirgi na gaba, kafin ki ɗora wa ma'aikaci laifin baƙin ciki, duba ma'aunin zafi.

Malam Direba, yanzu na zo kanka. Na yarda kai gwani ne, amma idan hazo ya rufe maka hanya kana iya rage gudu, ka kunna fitila, ko ka gangara gefe ka sha shayi. Jirgin da ke shirin sauka yana tafiya da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato kimanin mita 70 a kowace daƙiƙa. Idan hazo ya rage hangen ido zuwa mita 800, abin da matuƙi ya hango zai iske shi cikin daƙiƙa 11 ko 12. Ba gefen hanya a sama, ba mai shayi. Ƙurar ma ba ta bayan gidanka ba ce: yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, iskar hunturu ta kwaso ta ta baza mana. Filin da ke da na'urorin jagorar sauka masu inganci yana iya karɓar jirgi cikin hazon da zai rufe wani filin. Wannan ne ya sa za ka ga na Legas ya tashi, naka yana zaune. Ba wai an fi son mutanen Legas ba ne.

Sai danshi. A nan ne na san za a ce na fara tatsuniya, don zan ce akwai ruwa a cikin iskar da kuke shaƙa yanzu. Ku sayi ruwan leda mai sanyi da damina, ku ajiye a kan tebur. Kafin ku gama gaisawa da na kusa, bayan ledar ya jiƙe. Ba huda ta yi ba. Iskar da ta taɓa ta ce ta yi sanyi, ta kasa riƙe tururin da ke cikinta, ta sauke shi. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa kimanin giram 30 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Idan ta sauko zuwa digiri 10, abin da za ta riƙe kimanin giram 9 ne kawai. Kowace iska tana da matakin sanyin da in ta kai shi sai ta fara zubar da raɓa. Matuƙi yana duba tazarar da ke tsakanin wannan mataki da zafin gari. Idan sun kusa haɗewa, ya san hazon ruwa ko gajimare mai ƙasa-ƙasa yana tafe.

Gajimare ma haka yake samuwa. Rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi sama, tana hawa tana hucewa, har ta kai inda tururinta zai koma ɗigon ruwa. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba: kowane digiri ɗaya na waccan tazara yana nufin tsayin kusan mita 125. Zafin gari 32, matakin raɓa 22, gindin gajimare yana wajen mita 1,250. Kuma wancan farin curin da kuke gani yana yawo abinsa, idan ya kai kilomita ɗaya ta kowane ɓangare, ruwan da ke cikinsa yana kai tan 500. Na ga Alhaji ya taɓe baki. Taɓe da kyau, ruwan na nan bisa kanka.

Masana sun kasa gizagizai gida 10, amma ɗaya ne matuƙi ba ya wasa da shi: hadarin nan mai baƙin gindi da faffaɗan kai, wanda ke haɗowa daga gabas da yammacin damina. A yankinmu mai zafi kansa yana iya wuce kilomita 15, alhali jiragen fasinja suna tafiya ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Masu cewa "ya bi ta samansa mana" sun ji amsarsu. A cikinsa iska na hawa da gudu a nan tana faɗowa a can, ga ƙanƙara, ga walƙiya, ga ɗigon ruwa mai tsananin sanyi da ke daskarewa da zarar ya taɓa fiffike. Shawarar da ake ba matuƙa ita ce su ba mai ƙarfinsa tazarar kusan kilomita 37. Idan kun ji jirgi yana zagaye, wataƙila hadarin ake kewayawa.

Mafi haɗari shi ne abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Kun san iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, ta bubbuga ƙofofi ta kwashe shanya? Daga cikin hadarin take faɗowa, ta daki ƙasa ta watsu ta kowane gefe. Jirgin da ya shiga cikinta yana tashi, da farko ta buge shi ta gaba, sai ta danne shi ta sama, sai ta juyo ta bayansa ta sace masa gudu, duk cikin daƙiƙoƙi, shi kuma bai yi nisa da ƙasa ba.

A nan zan ajiye wasa. Ranar 24 ga Yuni, 1956, jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya tashi daga Kano ana hadari, iska ta juya masa, ya bugi bishiya, mutum 32 daga cikin 45 suka rasu. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Masu bincike sun danganta abin da tashi cikin mummunan yanayi da kuma kasa fita daga irin wannan juyin iska. Allah ya jiƙansu da rahama. Malam zai ce ajali ne. Haka ne, ba mai ja. Amma Malam, kai ma na ga kana duba hagu da dama kafin ka tsallaka titi.

Hajiya, ban manta da zancenki ba, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Akwai kamfanin da zai makara don sakacinsa ya laƙa wa gajimare, tunda gajimare ba ya kai ƙara. Maganin wannan shi ne tambaya, ba hayaniya ba. Ki tambaye su: yanayin wane fili ne ya lalace, namu ko na can? Nisan hangen ido mita nawa ne? Hadarin yana ina? Mai gaskiya zai amsa da lambobi, mai ƙarya zai shiga kame-kame. Idan kuwa an ba ku lambobin, 'yan ƙungiya, a rufe taro, kowa ya koma kujerarsa ya bar matuƙi ya yi aikinsa. Gara a ce kun makara ɗaurin aure da a ce an taru a gidanku ana karɓar gaisuwa.