Ulu Ya Ƙare, An Ce Salo Ne

Masu sauya launin zare a tsakiyar saƙa iri biyu ne: wadda ta tsara hakan tun farko, da wadda ulu ya ƙare mata ana saura hannu ɗaya a gama rigar jariri. Ta biyun ta fi yawa, ta kuma fi iya baki. Tambaye ta dalilin hannu ja a jikin shuɗiyar riga, za ta ce miki yayi ne.

Ba laifinta ba ne duka. Ta koma kasuwa da guntun zarenta, mai shago ya rantse cewa iri ɗaya ne. A inuwar rumfa, haka ne. Amma rini kashi-kashi ake yin sa a masana'anta, shuɗin bana ba lalle ya zo daidai da na bara ba. Rana ce ke tona asiri, galibi ranar suna.

Shi kansa sauyin da dabararsa. Ba a ƙarasa ɗaurin ƙarshe da tsohon launi. Idan madauki biyu suka rage a kan kwarashi, sai a jawo sabon zaren ta cikinsu. Wadda ta yi gaggawa za ta ga ɗigon tsohon launi zaune a sabon layi kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

Saura jelar zaren. Kowane sauyi jela biyu yake bari, kuma da allura ake ɓoye su ɗaya bayan ɗaya, don ƙulli kan kwance a wanki. Mai ƙiwa ta dai ƙulla ta yanke. To, suruka ba ta duba gaban saƙa. Tana karɓa ta ce "sannu da aiki, 'yar nan", ta juya bayan.