Zuwa ga Jim Keli na Kibiya

Taubashina, Jim Keli na Kibiya, sarkin surutun teburin mai shayi! Labari ya iso mu a Rano cewa ka zama malamin fim. Wai ka tara yara kana yi musu lacca cewa finafinan Chana na da babu kowa a ciki sai 'yan Chana, ba baƙar fata, ba Musulmi, ba macen kirki. Kai da rabin kallonka ta hudar langa-langar gidan bidiyo ka yi shi, don kuɗin shiga ya ƙare a wajen mai ƙosai! Da ido ɗaya ka kalla, dole rabin mutanen su ɓace maka.

Bari in tuna maka wanda ka ci sunansa. A Enter the Dragon na 1973 jarumai uku aka jera: Burus Li, da Bature Jon Sakson, da Jim Keli, baƙin Amurka mai tulin suma, gwanin kareti tun kafin ya san kyamara. Saboda shi ka yi gaba da wanzami, ka soke mataji a ƙeya kana tafiya kana ɗage kafaɗa, har sai da Inna ta sa aka danne ka aka yi maka ƙwal-kwabo. Inda zan ba ka gaskiya, kuma kada ka saba, shi ne ba a bar bawan Allahn ya ga ƙarshen fim ba. Bos ɗin, Han mai hannun ƙarfe, ya kashe shi ana tsakiyar labari, aka rataye gawarsa da sarƙa, Baturen kuwa ya fita da ransa. Shi ya sa in muna wasan Chana a bayan makaranta kai ke fara kwanciya a ƙasa. Ba mugunta ba ce, fim muka bi.

Mace ma tana nan. Anjela Mao ta fito a 'yar'uwar Burus Li, ta watsa ƙarti da ƙafa, amma 'yan mintoci aka ba ta, ta ƙare da caka wa kanta fasasshen gilashi. In wadda ta riƙe fim kake nema, ga Cheng Pei-pei da gajerun takubbanta a Come Drink with Me na 1966. Kada dai ka kunna shi a gaban Uwargida. Ko yanzu da muciya kaɗai ba ka iya mata.

Musulmi kuwa, ka manta da Karim Abdul-Jabbar? Ɗan ƙwallon kwando, ƙafa 7 da inci 2, ɗalibin Burus Li a zahiri. An ɗauki faɗansu a 1972, Game of Death ya fito a 1978, bayan rasuwar Li da shekara 5. Yana daga zaune ya miƙo ƙafa ɗaya, ya bar shatin sawunsa a ƙirjin rigar Li ruwan ɗorawa. Ka miƙe kana kabbara wai ɗan'uwa ya yi aiki. Da aka shaƙe shi kuma ka ce kaset ɗin ne aka yanke.

Abin da ba ka gaya wa yaran ba, shi kansa Burus Li ya sha wannan wulaƙancin. A Amurka direba mai rufe fuska aka ba shi a The Green Hornet a 1966. Da aka zo shirin talabijin na Kung Fu a 1972, Bature Debid Karadin aka aske aka ce shi ne ɗan Shaolin. Sai a Honkon aka sa Li a gaba. Wannan ne dalilin da ya sa a da, in ya naɗa wa Cak Noris duka a birnin Rum, gidajen sinima na Plaza da Orion da Eldorado ke kaurewa da ihu a Kano: akta ba Bature ba ne, kuma Bature ne ke cin ƙasa. Fim ɗin kaboyi bai saba mana da haka ba. Su ma mutanen Honkon ɗin ba waliyyai ba ne, don a Fist of Fury kusan duk Bajapanen da ya leƙo mugu ne.

Na ji an ce sumar ta yi hijira gaba ɗaya, sanƙo ya ci ƙasa har ƙeya. Kada ka damu, ƙarin girma ne. Ka tashi daga Jim Keli ka koma Godon Liu na The 36th Chamber of Shaolin, shi kuwa ana gama fim da ransa. Sai dai shi guga biyu yake ɗauka cike da ruwa hannu a miƙe, kai ko buta sai jika ya miƙo maka.

In kana da ja, hanyar Rano ba ta ɓace maka ba, har yau ƙarƙashin Autan Bawo kuke. Ka taho da kuɗin sharata na bara, da hula.