Kwandon Nuwamba a Ƙananan Kwalejojin Amurka

A watan Nuwamba ake buɗe kakar ƙwallon kwando ta maza a ƙananan kwalejojin Amurka, lokacin da kowane koci ke rantsuwa da ƙarfin yaransa, tunda ba a lallasa su ba tukuna. A rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejoji, ba a ba da tallafin karatu saboda wasa, don haka dogon ɗan wasa yana da wuyar samu. Kwalejin Grinnell ta jihar Iowa, wadda ke wannan rukuni, sai ta koma ga gudu: ana canza 'yan wasa biyar-biyar, ana ta jifa daga nesa. Ranar 20 ga Nuwamba 2012, Jack Taylor na Grinnell shi kaɗai ya ci maki 138 a karawarsu da kwalejin Faith Baptist, aka tashi 179 da 104. Sauran abokan wasansa kaf suka raba 41.