Napep Ta Yi Dama, Ni Na Yi Hagu

Duk wanda ya sayi Keke Napep ya ba yaro yana kawo masa balas, to ya sayi zargi da kuɗinsa. In yaron ya kawo kuɗi cif, ka ce lallai abin da ya ɓoye ya fi haka. In ya kawo da giɓi, ka ce dama ka sani. Tawa ta hannu ce, da kuɗin adashen malamai na saye ta, na damƙa wa ɗan ƙanwata yana jigila da ita a cikin Batsari da ƙauyukan kusa. Tun da Obasanjo ya kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, wanda keken ya gaji sunansa, ake cewa abin hawan nan yana fitar da mutum daga fatara. Ni dai abin da na shaida, yana fitar da mutum daga gida da sassafe zuwa gareji.

Ƙarshen damina ne, shekarar 2021. Duk mutumin Batsari da Safana ya san irin zaman da muka yi a lokacin. A ƙarshen Agusta Gwamna Masari ya sa hannu a kan dokokin tsaro saboda 'yan bindiga: an hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, an hana sayar da fetur a jarka, napep ba za ta ɗauki fasinja fiye da uku ba, kuma a ƙananan hukumomin da ke bakin daji irin namu, daga ƙarfe 6 na yamma babur da napep sai ajiya. A Satumba kuma aka katse sabis ɗin waya. Wayata ta koma tocila.

Ana cikin haka yaron ya zo ya durƙusa. "Kawu, burki ya cinye. Sai na taka har ƙasa take tsayawa, kuma ƙarfe na kuka."

Na dube shi. Yaron da bai daɗe da ɗaura wa keken sifika mai girgiza ƙirji ba, da wasu fitilu shuɗi da ja masu wal-wal. Na ce kuɗin sifika ka samu, na burki ne sai Kawu? Ya ce sifika ai ita ke jawo fasinja. Kuma a nan gaskiyarsa ce, ita ce ma ta ƙara ba ni haushi. Ban taɓa ganin wanda ya hau napep don ya ji labarin kyawun burkinta ba. Shi ne kaɗai ɓangaren da ba ya kawo sisi, shi ya sa mai keke da direba kowa ke tura wa ɗan'uwansa. Da ya faɗi kuɗin, na ce a'a, ni zan sayo da kaina. Mutumin da ke koyar da lissafi a aji shida ba za a yi masa ƙari a kan ɗan guntun ƙarfe ba.

Bakaniken unguwarmu ya kwance ƙafar baya, ya zare duram, ya miƙo mini tsohon burki-shu, wani lanƙwasasshen ƙarfe baƙi ƙirin da toka. "Malam, tafi da shi ka gwada da sabon." Ranar Alhamis ce, kasuwar Batsari na ci, ni kuma farar shadda ce a jikina. Na ce ya ajiye abinsa, ina da ido.

Mai shagon kayan gyara ya tarbe ni da fara'ar da ya kamata a ce hukuma ta hana. "Ranka ya daɗe, Bajaj ce ko TVS?"

Na ce, "Mai ruwan ɗorawa ce."

Wasu samari biyu da ke zaune a benci suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Shi kuwa ko gezau, ya ce ya gane ta. Ya jero kwali uku a kan kanta. Na farko, ya ce, orijina ne daga Indiya, inda ake ƙera keken. Na biyu shi ma orijina ne, amma mai bi masa. Na ukun orijina ne na masu ƙaramin ƙarfi. Ban taɓa shiga shagon da jabu ya yi ƙaranci irin wannan ba. Samarin nan, da yake direbobi ne, suka sa baki ba a tambaye su ba. Ɗaya ya ce in ɗauki mai tauri, ya fi daɗewa. Ɗayan ya ce mai tauri duram yake ci, kuma duram ya ninka shu tsada. Gara mai laushi ya cinye kansa. Wani dattijo da ya shigo sayen fulogi ya ce shi sansanawa yake yi, in ya ji warin roba ya ajiye. Mai shago ya ce duk gaskiya suka faɗa.

Ni ban sansana komai ba, karatu na yi. Na ɗauki kwalin da ya fi yawan Turanci, mai hoton zaki da tambari mai ƙyalli. Na buɗe na ga shu biyu a kwance. Ƙafafun baya biyu, shu biyu, lissafi ya fita babu saura. Na ja ciniki har sai da mai shago ya rantse uwar kuɗi ma bai mayar ba, na fito ina jin na ceto kusan rabin abin da yaron ya nema.

A gareji aka sanar da ni cewa kowace ƙafa shu biyu take ci, suna buɗewa ne su matse duram daga ciki. Wato abin da na sayo na ƙafa ɗaya ne. Wannan laifin masu kwali ne, da suka cika shi da zaki ba su rubuta haka da manyan baƙaƙe ba. Aka kuma ce ba na Bajaj ba ne, tawa kuwa ashe Bajaj ce. Bakanike ya ce in mayar. In koma gaban samarin nan? Na ce ina amfanin magagari a gareji? Ya yi ta guga har ya shiga, aka sa wa ƙafar dama. Ta hagu na ce ta yi haƙuri zuwa albashi.

Washegari surukata za ta Safana suna, da jikarta, da buhun rogo da ƙullin kayan barka. Uwargida ta ce in raka ta, tunda hanya sai da namiji. Mu uku cif, doka ta cika. Zama kusa da Inna kuwa ba zai yiwu ba, sai na raɓa gefen hagun direba, rabin jikina a ciki, rabi a jihar Katsina.

Da farko lafiya lau, sai dai duk sanda ya taɓa burki ƙafar dama ta saki wata ƙara da ke sa kaji watsewa. Na ce masa sabo ne, yana gaisawa da duram. Inna daga baya ta ce, "Malam, anya abin nan lafiya?" Na ce ba tare da na waiwaya ba, "Lafiya ƙalau, Inna, orijina ne."

Kusa da Safana akwai shingen jami'an tsaro, kuma a wancan zamanin shinge ba wurin wasa ba ne: in an ɗaga maka hannu, tsayawa kake yi tun hannun bai gama ɗaguwa ba. Wani mai babur ya tsaya kwatsam a gabanmu. Yaron ya taka da ƙarfinsa. Sabon shu ya cafke ƙafar dama, ta hagu ta ci gaba da tafiyarta, ba ta da labari. Napep ta yi dama, ni na yi hagu. Ita ta gangara gefen titi ta tsaya a kan kunyar wake, Inna na salati, ni kuma na tsinci kaina zaune a kan kwalta, hulata a gaban takalmin wani jami'i, rogo na bi na ɗaya bayan ɗaya. Jami'in ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Baba, kai ne mai keken?" Na ce na wani abokina ne. Daga cikin wake Inna ta ɗaga murya, "Nasa ne, ɗan nan, shi ya sayo burkin ma da kansa."

Ba wanda ya ji ciwo, in ban da gwiwar wando. Aka turo keken cikin gari wajen wani tsohon bakanike da ke aiki a gindin dalbejiya. Ya zare duram ɗin hagu ya nuna mini: fatar shu ta siɗe har ƙarfe ya leƙo, abin da ya rage kuma ya jiƙe sharkaf, don ɗan silindan da ke tura shu ɗin yana yoyon man burki. Fatar da ta sha mai, in ji shi, ko an wanke ta da fetur ta gama aiki. Ya zare na dama, ya sa farce a gefen fatar zakina, sai ga ta tana ɗagowa daga jikin ƙarfen, gam ɗin ya saki tun a tafiyar farko. Wurin da aka goge kuwa ya sa gefe ɗaya ne kawai ke taɓa duram, ya yi sulɓi yana ƙyalli. Ya ce burkin baya tare ake canza shi, dama da hagu, iri ɗaya, rana ɗaya. Da yaronsa ya kai baki zai hure tokar duram, ya daka masa tsawa ya ce ya sa jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar nan huhu take ci. Sannan ya juya kwalin a hannunsa ya tambayi wanda ya sayo. Na ce aike aka yi.

Kayan da ya yarda da su sai Dutsin-Ma. Kafin ɗan aike ya je ya dawo, la'asar ta yi sanyi. Ana gama ɗaurawa ya ce saura fitar da iska, tunda an buɗe layin mai. Iska in ta shiga, feda sai ta yi laushi, ka taka ta tafi a banza. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan feda, ɗaya a ƙasa da sifana. Ɗan ƙanwata ya tafi kai Inna gidan suna a ƙafa. Saura ni.

Yaron gareji ya kwanta a ƙarƙashin keken, ya leƙo, ya ƙura mini ido. "Malam! Ba ka gane ni ba? Aji biyar, a Batsari. Kai ne ka zane ni a kan jadawalin bakwai."

Na ce Allah Sarki, an girma.

"Taka, Malam. Taka. Taka. Riƙe! Na ce riƙe, ka saki. Sake daga farko."

Na sake. Ya kwance ɗan noti, mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure. Ya ce saura. Na tabbata ƙafa uku ce da napep, amma yaron nan sai da ya zagaya su yadda ya ga dama, kuma kowane zagaye sai ya gano ban riƙe da kyau ba. Tsohon yana gefe yana cin goro, bai ce uffan ba.

Muna gamawa ana kiran magariba. Shida ta wuce, keke ba ya motsi sai safiya, ga shi babu wayar da zan gaya wa uwargida. A zauren gidan sunan na kwana, tsakanin 'yan'uwan Inna, waɗanda duk labari ya riga ni isa wurinsu. Da asuba wani ƙanenta ya matso, cikin girmamawa, ya ce babur ɗinsa na neman taya, ko zan taimaka in raka shi kasuwa in zaɓa masa, don ya san wadda zai bari.