Ranar da Shataletalen Dangi Ya Riƙe Ni

Masu bi ta Dangi a Kano yanzu, wani ta gadar sama wani ta ƙasa, ba su san wuyar da muka sha ba kafin a buɗe gadar a 2021. A da shataletale ne, inda titin Zariya ya haɗu da na Gidan Zoo. A nan na sha kunya gaban surukata.

Tashar Unguwa Uku zan kai ta. Tana baya da jikanta, ni kuwa sabon direba, karatun makarantar tuƙi ɗanye shar a kaina: tunda Najeriya ta koma hannun dama a 1972, wanda ya riga ka shiga shataletale, mai tahowa ta hagunka, shi ke da hanya. Dabarar ita ce kowa ya rage gudu, ko an yi karo a tsaya a gogar gefe, ba gaba da gaba ba. Sai na taka birki, ina jira a wuce.

Ashe ni kaɗai na je makarantar. Hon ta ko'ina! Wani mai adaidaita sahu ya leƙo: "Alhaji, in kwana za ka yi a kawo maka tabarma!"

Zuciya ta ɗebe ni, na danna kai. Wata tifa ta matso ni har layin ciki, jikin da'irar. Wanda ya zana wurin ya ɗauka in ka kunna sigina za a buɗe maka. Na kunna, na fito da hannu, na haɗa da kai, babu wanda ya kalle ni. Hanyar Unguwa Uku ta zo ta wuce. Ta sake zuwa, muka gaisa, ta sake wucewa.

Yaron ya ce ƙishirwa. Na miƙa wa wani mai fiya wata kuɗi ta taga, sai a zagaye na gaba ya ba ni canji, har da "sannu da ƙoƙari, Alhaji".

Duk wannan Hajiya ba ta ce uffan ba, kun san kunyar suruki. Ina leƙen ta ta madubi tana jan carbi. Can sai ta sunkuya wajen jikanta, da muryar da ta tabbata zan ji: "Kai, Kano ta bunƙasa. Duk inda muka bi, mai ruwan nan yana da reshe."