Bakano a Ibadan

Yaron da ya tashi a Fagge ya samu gurbi a Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa tun 1948, a gidan abinci yake ɗaukar darasinsa na farko. Mu Kanawa muna taƙama da yaji, amma namu a gefen kwano yake zama, sai ka ga dama ka barbaɗa. A can barkono shi ne miyar, sauran kayan rakiya suka yi masa. Ya kai lomar amala da ewedu, idanu suka kawo ruwa, ya ce wai kewar Hajiya ce.

Sai gaisuwa. Ya durƙusa wa dattijo yana jin ya gama ladabi, abokinsa Bayarabe ya kwanta rub da ciki. Nan take ɗan Fagge ya koma marar tarbiyya.

'Yan ajinsu kuwa kowa sai ya tambaye shi farashin dala da na rago, alhali likitanci ya zo karanta. Ranar Juma'a ya tsere unguwar Sabo neman tuwo da miyar kuka. Mai tuwon ma ɗan canji ta ɗauke shi, ta tsuga masa kuɗi.