Ranar da na wanke wa kwamfuta haƙora

Babu wanda ya roƙe ni. Da bakina na ce wa surukina zan haɗa masa 'yar na'urar da za ta riƙa kashe sumo da kanta in tankin gidansa na Muciya ya cika. An sa mini rana da 'yarsa, kuma na gaji da jin ana ce mini "yaron nan na Samaru".

Na sayo Arduino Nano a wani shago a Sabon Gari, ɗan fanel da bai fi tsawon yatsa ba, mai shago yana rantsuwa cewa na asali ne. Na baje laftof a kan benci a ƙofar gidan, gefen mai shayi, don jama'a su shaida. Na tura wa fanel umarnin da na rubuta, ya yi mursisi. Na sake, jan rubutu ya cika fuskar laftof.

Ga inda gizo ke saƙar. Nano sunan fanel ne kawai. Ainihin kwamfutar shi ne baƙin aisin nan mai kusurwa huɗu da ke tsakiya, kuma yana iya zama ATmega328P mai ɗaukar kilobayit 32, yana iya zama ƙaninsa ATmega168 mai 16, yana ma iya zama LGT8F328P, ɗan kwaikwayon da ake yi a China. A ido duk ɗaya suke. Dole ka gaya wa manhaja wanda za ta yi magana da shi, domin kowa da saurin da yake sauraro: sabon 328P a 115200, tsohon a 57600, shi kuwa 168 a 19200. In ka zo masa da saurin da ba nasa ba, ko kallo ba ka ishe shi ba. Sunan a rubuce yake a bayan aisin, to amma nawa rubutun ya dushe, sai dai alama.

Nan masu shawara suka taso. Mai shayi ya ce in binne shi cikin shinkafa ya kwana. Wani mai keke napep ya ce in ɗan buga shi da benci, haka yake yi wa rediyonsa. Sai Baba Dillali, wanda ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa a kara yana cinikin raguna, ya ajiye kofinsa ya matso.

"Ɗana, mu ba ma tambayar mai rago shekarun rago. Baki muke buɗewa. Ƙirga haƙoransa."

"Baba, ai ƙafafu ne waɗannan."

"Ƙafa ce za ta jeru haka fara tas? Ƙirga, in ji ni."

Na ƙirga don girmansa. Takwas a kowane gefe.

"Talatin da biyu? To ya kai mutum. Balagagge ne, ba a cuce ka ba."

Na so in gaya masa shi ma ƙanin ƙafa 32 gare shi, amma yadda ya koma ya zauna yana gyara hula, na ga rashin tausayi ne a ɓata masa wannan hukunci.

Sai na tuna dabarar masu gyaran waya: a shafa wani farin abu a bayan aisi, a goge, farin ya maƙale a cikin ramin haruffa, suna ya fito. Na cire fanel daga wuta, na aiki yaro ya kawo mini makilin da tsohon buroshi. Hannun hagu na riƙe da fanel, na dama da buroshi, ga duhun rumfa. Na kunna tocilar waya, na cije wayar a baki, na duƙufa.

A haka Alhaji, surukin nawa, ya dawo daga sallar la'asar. Ba shi kaɗai ba. Yana tare da yayansa, Baffa, wato waliyyin amarya, wanda ya zo musamman don ya ga injiniyan da ake ba shi labari.

Suka yi sallama. Na amsa da waya a baki, abin da ya fito bai yi kama da yaren kowa ba. Na ɗago kai, hasken tocila ya sauka cikin idon Alhaji, ya kare fuska da carbi. Na zabura zan durƙusa, gwiwata ta ja igiyar laftof, mai shayi ya cafe shi a iska. Baffa kuwa ya riga ya miƙo hannu. Hannuna duk makilin, sai na miƙa masa tsintsiyar hannu yadda mai jiƙaƙƙen hannu ke yi, na manta buroshin yana nan a tafina, kansa cike da kumfa, yana nuna aikin babbar rigarsa. Ya kama tsintsiyar hannun da yatsu biyu. Ya dubi buroshi, ya dubi fanel, ya dube ni. Har a lokacin wayar tana bakina. Wannan ne ke hana ni barci: babu abin da ya hana in cire ta, amma na durƙusa, na gaisa, na sunkuyar da kai don ladabi, ina haska takalmin waliyyi.

Da kowa ya yi shiru, da wataƙila an wuce wurin. Amma Baba Dillali ba ya barin baƙo cikin duhu.

"Haƙora yake wanke masa, Alhaji. Talatin da biyu ne cif, ni na sa aka ƙirga."

Baffa ya jinjina kai a hankali. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Har yau ban san ko ni yake nufi ko fanel ba.

Bayan sun shiga gida na wanke fanel ɗin, na bar shi ya bushe, na koma jerin sunayen da ke cikin manhaja na zaɓi na ƙarshe. Na tura ɗan umarnin da ke sa fitila ƙiftawa, ya karɓa nan take, har ya faɗi lambarsa da kansa: 1E 94 06. Kowane aisi na wannan dangi yana ɗauke da irin wannan lamba a cikinsa. 1E na nufin kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saye a 2016, 94 kuma kilobayit 16. Da 328P ne, da 1E 95 0F zai ce. Ƙanin aka sayar mini, kuma umarnin tankina ya fi ƙarfin cikinsa.

Na nuna wa Baba Dillali lambar. Ya leƙa, ya ja tsaki.

"Haƙori ba ya ƙarya, ɗana. Ka binciki kwamfutarka."

Jiya da magariba ƙanin amarya ya kawo mini leda daga wurin Baffa. Rediyonsa ce a ciki, wai ta daina kama tasha, tare da sabon buroshi a kwalinsa.